Takalmin da Na Bari a Bakin Ƙofa

Ƙamshin kifin da aka kwana ana bandawa a bakin kogi ne ya rako mu tasha. Mun tashi daga Wudil da asuba, ni da Gwaggo, ƙanwar Baba, a bayan wata lori cike da tukwane. Kaduna muka nufa, inda za a yi mini tambayoyi. Idan na ci, za a tura ni jami'a in karanta adabin Ingilishi da tarihin al'adun mutanensa. Baba dai bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi, "Je ki tukuna."

Muna haye gada hazo na tashi daga ruwa, masunta kamar inuwa cikin kwalekwale. A raina na ce ko haka safiyar Ingila take? Sai lori ta faɗa rami, tukunya ɗaya ta fashe, tunanin ya bi ta.

A Kano muka shiga jirgin ƙasa. A Zariya na saya mana ƙosan kobo biyu, Gwaggo ta juya ɗaya ta ce, "Wannan ai sai da tabarau." Daga nan ƙasa ta fara ja, itatuwa suka yi duhu. Ina ta bitar sunayen sarakunan Ingila, ita kuwa tana jan carbi tana kallona ta gefen ido.

Washegarin isarmu Kaduna aka kira ni ofis, Gwaggo ta zauna a benci daura da ƙofar. Da na hango manya uku a bayan tebur, Turawa biyu da wani dattijo mai rawani, ban san lokacin da na tuɓe takalmi na durƙusa na gaishe su ba. Samarin da ke jira a waje suka tuntsire da dariya. Na ji ɗaya na cewa, "Wai ita ce za ta jami'a!"

Baturiyar da ke cikin manyan ta nuna mini kujera. Ba ta ko taɓo sarakunan ba. Ta ce me ya sa mutanen cikin littattafansu ba sa haɗuwa sai sun yi zancen ruwan sama? Na ce a ganina gaisuwa ce. Mu ma idan muka ce "Ya ruwa?" mun san ruwan, mutumin muke tambaya. Ta rubuta wani abu. Dattijon ya yi murmushi.

A hanyar dawowa tunanin takalmin nan ya hana ni sakat. Na ce, "Gwaggo, na kwafsa ko?"

Ta ce, "Ci gyaɗarki, 'yar nan."

Mun iso gida da la'asar, kogi na nan yadda muka bar shi. Na koyi cewa abin da zan je nema a littattafan nesa yana da ɗan'uwa a ƙofar gidanmu.

Takardar ta zo bayan kaka: na ci. Baba ya sa hannu ba gardama, har na yi mamaki. Sai ranar da ake ɗaure mini akwati Inna ta faɗa mini dalili. Ashe ba rakiya Gwaggo ta je ba. Baba ne ya aike ta ta gano ko boko ya cinye mini tarbiyya, kuma abin da ta faɗa shi zai bi. Da ta dawo, magana ɗaya ta yi masa: "Yaya, ta cire takalmi. Bar ta ta tafi."