Mai Tafiya a Bayan Layi

Babanmu anfirme ne, wato malamin asibiti, a gidan likitan Gure, amma in ka tambayi yaran garin a wancan lokaci, ba da allura suka san shi ba, da usur suka san shi. Shi ne shugaban 'yan sikut. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Wajen wansa ya gada, shi kuma wan ya koyo a lakwal, makarantar boko, tun zamanin Nasara. Duk Alhamis, ranar da ba karatu, sai ya ɗaura ƙyallensa a wuya ya kwashi 'ya'yan mutane su nufi kwari. Innarmu kan ce, "To, uban gari ya fita, Allah ya sa ya tuna yana da gida."

Bayan shekarun fari, rairayi ya fara cin lambunan kwari, sai aikinsu ya koma kafa shingen kaba a bakin tudu don tare shi. Tafiya ce mai ɗan nisa, hawa da gangara, ƙafa na nutsewa. Baba yana da ƙa'ida guda wadda ba ya wasa da ita: shugaba a bayan layi yake tafiya. Babban yaro ya ja gaba, shi kuma yana can ƙarshe, idonsa a kan wanda ƙaya ta soka da wanda ya gaji yana jin kunyar faɗa. Ya ce haka wansa ya yi, makiyayan yankin Alakoss ma haka suke bin dabbobinsu.

Gwiwarsa ta fara ciwo, muka ga yana dafa bango in zai tashi. Abin da ke damunsa kuwa kowa a gidan ya sani: wa zai karɓi yaran? Ransa yana kan yayana, wanda ya tafi Damagaram koyon tuƙin kamiyo, babbar motar kaya. Duk motar da ta tsaya a tasha sai Baba ya aika a dubo. Yaya kuwa, Allah ya shirye shi, ko gaisuwa sai an yi sa'a.

Ni a lokacin na fara koyarwa a lakwal. Ina bin 'yan sikut ɗin da 'yan mata kaɗan waɗanda na sha fama da iyayensu kafin su bari, kuma ni ke ɗaukar akwatin magani. Na iya ƙulle-ƙullen igiya, na san yaron da ke fitowa bai karya ba. Amma ko sau ɗaya Baba bai dube ni da wannan maganar ba. Wallahi abin yana ƙona mini rai, sai dai in haɗiye. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini, ina kuwa uwa za ta tsaya gardama da ɗanta?

Wata Alhamis da hantsi muna hawan tudu na ƙarshe, kawunan dabino sun fara leƙowa daga ƙasa, sai na daina jin sandarsa a bayana. Na waiga. Yana zaune a kan rairayi, ya miƙe ƙafa, yana murmushin da ban yarda da shi ba. Na ruga na buɗe akwati.

"Rufe abin nan," ya ce. "Ni za ki koya wa aikina? Gwiwar ce ta ce ta gama."

"To mu zauna, Baba. Bari in kira yaran su dawo."

"Kada ki kuskura. Mutane na jiran kabar nan."

Ya ɗaga kai ya bi layin da kallo. Sun yi nisa, kowa da daminsa a ka, ba wanda ya san abin da ya faru. Can ƙarshe wani ɗan ƙarami yana ɗingishi, damin ya karkace masa.

"Uwata, wa ke bayansu?"

"Ba kowa."

"Ashe?" Sai ya dube ni, irin duban da ake yi wa mutumin da aka daɗe ana wucewa a hanya ba a gane shi ba. "To me kike jira?"

Na ce ba zan bar shi a rana shi kaɗai ba. Ya ce in na isa in turo mai lambu da jaki, shi ba yaro ba ne. Ya ciro usur daga wuyansa, ya goge shi da bakin riga, ya sa mini a hannu. Abin da na daɗe ina so ke nan, amma ranar ban ji daɗi ko kaɗan ba. Kuka ne ya zo mini.

Na tashi na bi sawunsu. Na cim ma ɗan yaron, na cire masa ƙaya, na gyara masa dami, muka ci gaba. Da muka kai bakin gangara na kasa daurewa, na juya. Yana nan inda na bar shi, ya zama ɗan ƙarami a kan tudun. Ya ga na tsaya, sai ya ɗaga sanda ya yi mini nuni da yaran, ya sake yi da ƙarfi, kamar mai faɗa. Na share fuska da gefen mayafi na gangara.