Baffa Mainasara, Geronka Na Nan Tsaye

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 9 ga watan Satumba, 2025, tsakanin azahar da la'asar, Allah ya karɓi ran Baffana, Malam Mainasara, a gidan ɗansa Amadu da ke Kaura Namoda, bayan 'yar gajeruwar jinya. An yi masa sutura kafin magariba. Ƙanen mahaifina ne, amma tun da mahaifinmu ya rasu ya bar mu ƙanana, ba mu taɓa jin bakinsa ya bambanta mu da 'ya'yan cikinsa ba.

Baffa, na so in yi maka ta'aziyya irin wadda ake yi wa dattawa, in ambaci halayenka, in yi addu'a, in ajiye alƙalami. Hankalina ya ƙi kwanciya. Geron da ka shuka bana yana can tsaye a gonarmu ta gindin ɗorawa, bayan Sakajiki, ya nuna, kuma Amadu ya rantse a gaban 'yan zaman makoki cewa ranar Asabar zai je ya girbe shi. Kowa ya san yadda hanyar nan ta koma. Wanda ya bi ta, ba a ƙidaya shi cikin mutanen gida sai an ga dawowarsa. Saboda haka rubutun nan naka ne, amma don Amadu ya ji nake yin sa.

Wanda bai tashi a gidanmu ba zai yi mamakin yadda gona take sa manya hawaye. Mu dogon hutu ba mu san shi da wani suna ba sai lokacin zuwa cin tumu. Da gero ya fara nuna sai saƙonka ya iso Kaura, a cika mota da yara da iyaye mata, mu sauka Sakajiki mu tarar kana jira da amalanke da bijimanka biyu. A ɗora tabarmi da tukwane da ƙwaryar fura, a ɗora mu a kai, ƙanwarka Gwaggo Kulsumu tana faɗa tun daga bakin gari har gona, ba mai sauraronta. A gindin ɗorawa ake shimfiɗa. Mata su yi kwaɗon rama, a dafa sabuwar gyaɗa, maƙwabtanmu makiyaya su kawo nono a ba su hatsi, mu kuwa mu ɗaura lilo a reshe, mu bi fara cikin kunya har a nemi wani a rasa. Duk ɗan birnin da aka zo da shi sai ka aike shi ya tsinko maka gyaɗa a saman itace, ka bar shi yana ɗaga kai har sai dariya ta ci ƙarfinka.

Doka ɗaya ce da kai, kuma ba ka taɓa sassauta ta ba. Ba mai ɗanɗana sabon gero sai ka zaga gona da kanka ka zaɓo zangarniyar da ta fi cika, ka gasa, ka murje a tafin hannunka, ka hure ƙaiƙayin, sannan ka zuba wa mafi ƙanƙanta a cikinmu. Daga shi a yi sama, kai ne na ƙarshe, sau da yawa ma ba ka samu. Kakan ce babba ya ci na shekaru da yawa, yaro ne bai san daɗin duniya ba tukuna. Haka kake a komai. Damin farko ba ya shiga rumbunka, gidajen matan da mazansu suka rasu yake zuwa, kuma da asuba kake aikawa don kada a gode maka a gaban mutane.

Sai zamani ya juya. Shanun mutane suka fara ɓata, daga baya mutanen da kansu. Maƙwabtan da ke kawo mana nono suka tashi, ba mu san inda suka nufa ba. Muka yi shekaru ba mu je ba, kana aiko mana da tumu a ƙulle cikin leda, muna ci muna cewa ba daɗi kamar na gindin ɗorawa. Da aka ce an yi sulhu da 'yan bindigar daji shekaru uku da suka wuce, mu muka matsa maka ka bar mu mu zo cin tumu. A ƙarshe ka ce to mu zo, amma kaɗan, kuma kafin la'asar kowa ya bar daji.

Ranar nan ita ce ba ta barin Amadu ya yi barci. Muna isa ka wuce ƙarshen gona zaɓen zangarniya. Amadu ya yi abin da yake yi tun yana ɗan firamare: ya tattara kara ya hura wuta. Mutanen ƙauye sun daɗe da daina kunna wuta a gona, domin hayaƙi shi ke gaya wa mutanen daji inda jama'a take. Mu 'yan Kaura ba mu sani ba, kai kuma ba ka tuna ka faɗa ba, don a wurinka abu ne da ko yaro ya sani. Karan damina ne, da danshi, hayaƙin ya miƙe ya wuce kan ɗorawa. Ban taɓa ganin ka yi gudu ba sai ranar. Ka iso ka ɗauki ƙwaryar fura ka juye a kan wutar, ka ɗaga hannu ka ce kowa ya yi shiru. Can nesa, ta wajen gabas, muka ji ƙarar babura.

Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce a kwashe tabarmi da kwanuka a shiga dawar maƙwabcinmu, wadda ta fi mutum tsawo, a kwanta, kada wanda ya motsa ko me ya ji. Amadu ya ce ba zai bar ka ba. Ka yi masa kallo ɗaya, Gwaggo Kulsumu ta ja shi. Ta tsakanin kara ina hangen ka, hannuna a kan bakin 'yata Firdausi, wadda lokacin ba ta shiga makaranta ba. Sai na ga ka sake hura wutar, ka ɗora zangarniya a kai. Na ɗauka ruɗewa ce. Daga baya na gane: sun riga sun ga hayaƙi, dole su tarar da mai shi.

Suka iso da bindigogi a kafaɗa, yawancinsu ba su kai Amadu shekaru ba. Ɗaya ya ce, "Tsoho, kai ɗai na nan?"

Kai da ba ka iya ƙarya ba, sai ka murje tumu ka miƙa masa. "Ku zamna ku ci, na bana na."

Suka ci. Ina kallo tumun fari, wanda aka yi wa Firdausi alkawari tun a mota, ya shiga bakin mutumin da ya zo neman mu. Har na fara sa rai za su wuce, sai wani ya sunkuya ya ɗauko abu a ƙasa. Takalmin Firdausi ne, wari ɗaya. Ya jujjuya shi, ya ɗaga kai ya dubi dawar da muke ciki, ya fara takowa. Ina jin bugun zuciyar yarinyar a jikina, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

A daidai lokacin wasu suna kwance bijimai daga amalanke. Baffa, kai da ko akuyar wani ta yi maka ɓarna sai dai ka kai ta gida ka ba mai ita haƙuri, ka yi tsalle ka riƙe igiya, kana ihu kana zagi, kana cewa sai dai su kashe ka. Duk suka yo kanka, har da mai takalmin. Da gindin bindiga suka yi ta dukan ka har ka saki, suka kora bijiman suka tafi suna dariya. Gwaggo ta ce da haƙoranta ta riƙe rigar Amadu. Daga ranar kunnenka na hagu bai sake ji ba, kuma ko sau ɗaya ba ka yarda an ta da zancen wanda ya hura wuta ba.

Ka hana kowa zuwa, amma kai ba ka daina ba. Duk damina kana bin mutanen gari da sassafe, ku yi noma a gurguje kamar masu sata a gonakinku, ku dawo rana ba ta take ba. Mun yi faɗa, mun yi roƙo, mun haɗa ka da liman. Amsarka ɗaya ce, cewa tsoho ba shi da farashi a daji, kuma gonar da aka bari shekara guda ta fara mantawa da mai ita. Na yi fushi da kai a kan wannan, Baffa, har yanzu ma ban gama hucewa ba.

Ranar Litinin, ana gobe za ka rasu, Amadu ya tafi Gusau neman magani, ni ke zaune da kai. Ka tambaye ni ko gero ya nuna, na ce an ce ya nuna. Sai ka kamo hannuna.

"Sa'ida, na san ɗiyana. Cewa za shi yi shi biya ni, ni ko ba ni bin shi komi. Ki hwaɗa mai geron bana na bar ma tsuntsaye, sadaka ta. Malamai sun ce abin da tsuntsu ya ci ga shukar musulmi ana rubuta mai lada. Kar shi hana ni ladata. Kuma ki hwaɗa gaban mutane, don kar wani shi ce mai matsoraci."

Amadu ya dawo ya tarar ba ka iya magana. Bayan an dawo daga maƙabarta na kira shi cikin gida na isar masa. Ya ce ni na ji, shi bai ji ba, kuma ya san don in tsare shi na ƙaga. Ban ga laifinsa ba, da ni ce ma haka zan zata. Ya fita ya kama wasa magirbi a bayan zaure, matarsa da cikinta ya tsufa tana tsaye tana jin ƙarar dutsen. Mace ba ta zama a ƙofar gida cikin maza masu makoki, balle ta miƙe ta yi jawabi. To ga shi na rubuta inda kowa zai karanta, kuma na roƙi liman ya karanta shi ranar addu'ar uku.

Amadu, ɗan'uwana, na rantse da Allahn da zai tashe ni tare da Baffa, ban ƙara harafi ba, ban rage ba. Geron nan ya fita daga gadonka tun ranar Litinin, mai shi ya ba da shi da bakinsa yana cikin hankalinsa. In ka sa masa magirbi, sadakar mamaci ka taɓa. Baffa ya ba da kunnensa da bijimansa don ka fito daga dawar nan da ƙafafunka. Kada ka mayar wa daji abin da ya ƙwato da wuya.

Allah ya jiƙan Baffa Mainasara, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya sa dukan da ya sha dominmu ya zama kaffara. Allah ya rubuta masa ladan kowace ƙwayar da tsuntsaye za su tsattsaga a gonar nan. Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo Kulsumu, da 'ya'yansa da jikokinsa, da mutanen Sakajiki da suka yi kasadar hanya suka zo jana'iza. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya ba mu haƙurin rashi. Amadu kuma, ya Allah, ka ba shi haƙurin da ya fi wannan wuya, ka sa Asabar ta same shi a gida.

Sa'ida Haruna
Kaura Namoda