Allon Tagulla na Sha Tara: Ta'aziyyar Usta Muhammad Auwal Maiturare

Ranar Asabar, kwana uku bayan Babbar Sallar 2023, da hantsi, na ga babban makaniken unguwarmu, Usta Muhammad Auwal Maiturare, ya sunkuya cikin injin motar masu bindiga yana aiki. Masu faɗin haka a unguwa ba ƙarya suke yi ba. Da idona na gani, tsakanina da shi bai fi taku biyar ba. Sai dai su daga bakin titi suka hango, ni kuwa na ga abin da hannunsa yake yi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Usta rasuwa ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, a gidan ƙanwarsa da ke Alsawra, bayan jinyar mako biyu. Ya bar duniya yana da shekara sittin da ɗaya. Ya bar matarsa, Hajja Hadizatu, da 'yarsa Tasnim. Mu goma sha bakwai muka yi masa salla. Mutumin da in ya yi walimar suna sai an toshe layi da tabarmi, ga shi mun ɗauki makararsa babu isassun masu canjin kafaɗa.

Ni sunana Haliru, tuƙin raksha, keke mai ƙafa uku, nake yi a Dar Salam. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, wannan rubutu ma kwana shida na yi ina haɗa shi. Dalilin da ya sa na dage shi ne, ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar lajnar unguwa, kwamitin mazauna, za ta zauna kan makullin warsharsa, wato garejinsa da ke bayan kasuwar Suk Libya, wanda ta rufe tun watan Yuni. Ko a mayar wa iyalinsa, ko a bar shi a rufe da sunan wanda ya yi wa azzalumai aiki. Tasnim, wadda ta koyi wayarin ɗin mota a hannun mahaifinta, tana so ta buɗe. Ba makullin ne kaɗai za a yanke wa hukunci ba, har da sunan ubanta.

Usta, bari in fara da gardamar da kowa ya san ka da ita.

Shekara talatin kana ɗauko tsohuwar boksi, wato mota a-kori-kura, da kowa ya yanke ƙauna da ita, ka tuɓe ta har sai ƙashin ƙarfe ya rage. Ka buɗe injin ka faɗaɗa shi, ka ɗaura masa turbo, ka sake famfon gas, ka ƙara lagireto da tanki na biyu, ka yi mata sifirin da hannunka. In ta fito, sai ka kafa mata ɗan allon tagulla a ƙarƙashin bonet da kusa huɗu, da sunanka da lambarta. Mota ashirin da uku ka yi haka. Samarin da ke tseren yashi ranar Juma'a a yammacin Umdurman sun san ƙarar motocinka kamar yadda suka san muryar ladaninsu.

A saman ƙofarka ka rubuta "Masana'antar Maiturare". Duk shekara in ka je sabunta lasisi, takardar tana da gurbi biyu, masana'anta ko warsha. Kai ka cika na farko, ma'aikacin ya soke ya cika na biyu, ya yi maka bayani cewa a doka wanda ya buga lambar ƙashin mota shi ne ya ƙera ta. Ka karɓa, ka gode masa, baɗi ka koma ka sake.

A teburin Hajaratu mai shayi, da ke jikin katangarka, Ɗantani mai faci ba ya barin ka ka sha iska.

"Ya usta, mutanen Japan suka dafa, kai barkono kawai ka barbaɗa."

"To in ta tsaya maka a hamada, buga wa Japan waya su zo."

"Ai ba ni da lambarsu."

"Tawa fa?"

"Taka har matata ta haddace."

"To ka ba kanka amsa, mai faci."

Da farko na ɗauka girman kai ne irin na masu sana'a. Sai ranar da labari ya zo cewa motarka ta bakwai ta karye a hanyar wuraren haƙar zinariya, da mutum goma sha ɗaya a bayanta, ruwansu ya kusa ƙarewa. Shekara takwas da fitarta daga hannunka, ta sauya masu ita har sau uku. Ka ajiye kofin shayinka rabi, ka loda jarka da kayan aiki, ka yi tafiyar awa tara. Da ka dawo na tambaye ka me ya kai ka, tunda ba kai ka tuƙa ta ba. Ka ce: "Mai gyara, hakkinsa yana ƙarewa a bakin ƙofa. Wanda ya ƙera, sai ranar da motar ta mutu. Allon nan ba ado ba ne, Haliru, adireshi ne."

Ni ma ka yi min abin da ba zan manta ba. Lokacin da nake kai mahaifiyata asibiti sau biyu a mako, ka lura tana riƙe ƙugu duk sanda muka wuce ramukan gaban warsharka. Wata rana na dawo daga masallaci na tarar ka ɗage rakshata ka sauya mata sifirin ɗin baya da mai laushi. Na ce cikin wasa to a kafa min allo. Ka ce, "Wannan gyara ne. Kada ka je ka yi min ƙarya a gari."

Yanzu ga safiyar nan.

Wata biyu da rabi da fara yaƙi. Ba ciniki, amma mukan taru wurin Hajaratu don jin wa ya fita, wa ya rage. Mu biyar ne. Kai ka fara jin ƙarar motar tun ba ta shigo layin ba. Na ga ka ajiye kofi a hankali, ka ce, "Ta sha tara ce." Wadda ka ƙera wa wani ɗan kasuwa, wadda ba a taɓa wuce ta a yashi ba. An ƙwace ta a makon farko. Ta shigo an shafe ta da laka, an yanke rufinta, an kafa ƙarfen bindiga a baya, tana fitar da baƙin hayaƙi. Mutum shida suka diro.

Babbansu yaro ne bai kai ni ba, ya naɗe fuska da rawani. Ya ɗaga bonet ya nuna allon da bakin bindiga.

"Wa ke da wannan suna?"

Babu wanda ya motsa. Kana iya yin shiru. Ka miƙe ka ce, "Ni ne."

"Zafi take yi. Gyara ta."

Suka jera mu huɗu a jikin katanga, zaune, hannu a kan gwiwa. Ɗaya ya tsaya a kan Ɗantani ya ɗora masa bakin bindiga a wuya, ya ce in sifana ta faɗi ba daidai ba, da shi za a fara. Ɗantani mai baki, ranar ko haɗiyar miyau sai da ya yi a hankali. Butar Hajaratu ta tafasa ta ƙone a kan gawayi, ba wanda ya isa ya sauke.

Awa uku ka yi. Ni ba makanike ba ne, amma wanda ya shekara tara yana zama a ƙofar warsha ya san bambancin ɗaurawa da kwancewa. Na ga ka cire bututun turbo ka toshe hanyarsa. Na ga ka sa hannu a famfon gas ka mayar da sukurin baya, kana ƙirgawa da leɓe, zagaye ɗaya, biyu, uku, har inda ka same shi shekara shida da suka wuce. Na ga ka matse layin tanki na biyu da filaya. Duk abin da ka ba motar nan, ɗaya bayan ɗaya, ka karɓe abinka, su suna tsaye a kanka suna shan taba. Da a ce ɗaya a cikinsu ya san inji, da mu duka an kashe mu a wurin.

Mai rawanin ya ɗaga bututun da ka cire. "Wannan fa?"

"Shi ke kawo mata zafin."

"Za ta tashi?"

"Za ta tashi. Ba za ta ƙara zafi ba."

Ko kalma ɗaya ba ka yi musu ƙarya ba. Aka murza makulli, ta tashi lafiya lau, ba hayaƙi. Kafin ka rufe bonet, ka ɗauki guduma da tsinin ƙarfe ka bugi kusoshin nan huɗu. Allon ya faɗi, ya gangaro wajen katanga.

"Me ka cire kuma, tsoho?"

"Sunana. Ba tawa ba ce yanzu, ta masu ita ce."

Suka yi dariya, suka hau, suka tafi. Ka tsaya kana sauraren ƙararta har ta ɓace, sannan ka zauna a ƙasa cikin baƙin mai.

Kwana tara bayan haka, da suka gane motar ta daina gudu, suka dawo. Ba na nan, don haka ba zan faɗi yadda aka yi ba. Hannunka na dama dai na gani. Daga ranar ba ka sake riƙe sifana da shi ba, ko cokali sai da hagu.

Da aka samu sauƙi bana, mutane suka fara komawa gidajensu, kowa da abin da ya rasa, kowa yana neman wanda zai tambaya. Lajna ta zauna a harabar masallaci ana kiran masu sana'a ɗaya bayan ɗaya. Makanikai huɗu suka riga ka. Kowanne ya ce, "Ni mai gyara ne, an sa min bindiga, na gyara." Gaskiya suka faɗa, aka sallame su.

Da aka zo kanka, shugaban lajna, Ustaz Zainul'abidin, ya sassauta murya kamar mai roƙo. "Ya usta, kai ma gyara ka yi, ko ba haka ba? Ka faɗa mu rubuta."

Ga ƙofa a buɗe. Kalmar da ka shekara talatin kana ƙi, ita ce za ta fitar da kai.

Ka ce: "Ranar da suka zo, an tilasta ni. Amma kafin ranar, wata biyu da rabi motar nan tana kamo masu gudu a hanyar yamma. Ba wadda ta tsere mata. Gudun nan ba da shi aka haife ta ba, ni na ba ta. Ni na ƙera ta. Ku rubuta haka."

A wurin akwai Hajja Fadila, wadda aka tare ɗanta a wannan hanyar, har yau ba labarinsa. Ta fasa kuka. Wuri ya hargitse. Ba wanda ya ji sauran, don ba ka faɗi sauran ba. Washegari aka sa wa warsha kwaɗo. Kafin mako ya zagayo, labari ya zama wai kai kake haɗa musu motoci, hannun ma wai rikicin rabo ne.

Ina wurin, ban tashi ba. A kwanakin nan duk wanda ya yi magana don wanda ake tuhuma, shi ma sai a ce ya zo ya zauna a gaba. Ina da uwa marar lafiya, na ce bari ƙura ta lafa. Na iya jira, kowa ya san ni da haka, amma wannan karon na jira har ka mutu. Na je gaishe ka a Alsawra na ce, Usta, me ya hana ka faɗa musu abin da ka kwance? Ka ce, "Fadila tana zaune a gabana in tsaya lissafa mata kirkina? Abin da na kwance bai dawo mata da ɗa ba."

Ban sani ba ko a wurin Allah wanda ya ba mota gudu don tseren yashi yana da kaso a abin da ɓarawonta ya yi da ita. A ganina ba shi da shi, amma wannan na malamai ne. Ban kuma sani ba ko ofishin lasisi ne da gaskiya ko kai. Abin da na sani, masu tambarin da ke gaban motar nan ba wanda ya kira su harabar masallaci, ba su san Hajja Fadila ba. Kai ne ka miƙe, sau biyu, ka ce sunanka ne.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Muhammad Auwal. Ka yafe masa abin da ya sani da wanda ya ɗora wa kansa. Ka sa ciwon hannun nan ya zama kaffara, ka yalwata kabarinsa, ka haɗa shi da iyayensa da suka baro gida don ziyarar ɗakinka suka kwanta a wannan ƙasa. Hajja Hadizatu, Allah ya ba ki haƙuri, ya saka miki da shirun da maƙwabta suka yi miki a bakin famfo. Tasnim, ki ɗaga kanki, hannun ubanki mai tsabta ne. Hajja Fadila, Allah ya bayyana miki ɗanki, ba wanda ya ga laifin kukanki.

Na ce mu huɗu aka jera a jikin katanga. Ni ne na farko. Ta biyu Hajaratu mai shayi, tana nan a Dar Salam, ta ce za ta zo ranar Juma'a ko da rarrafe. Na uku Ɗantani mai faci, yana Kosti wurin ɗansa, ya ce a kira shi a sa wayar a lasifika.

Na huɗu shi ne ya zauna a ƙarshen layi, ya fito sayen burodi aka ritsa da shi. Allon da ya gangaro, a gaban takalminsa ya tsaya. Na ga ya ɗora ƙafa a kai, na ga bayan sun tafi ya ɗauka ya sa a aljihun jallabiya. Na san tsoron da ya rufe masa baki a harabar masallaci, don irinsa ne ya rufe nawa.

Ustaz Zainul'abidin, allon na sha tara yana wurinka. Ka zo da shi ranar Juma'a.