Zoben Rabilu

Duk tashar 'yan kabu-kabun babur ta Birnin Konni babu wanda bai san Hayatu Ebidans ba. Kalmar Turanci ce, ya kwaso ta bakin 'yan Najeriya da yake ɗaukowa daga iyaka. In ka tambaye shi ma'anarta sai ya ce hujja ce, amma wadda hannu ke taɓawa, don gani ya kori ji. Ka ce fetur ya yi tsada, ina ebidans? Ka ce an yi ruwa a Alela, sai ya duƙa ya duba tayarka ko da laka. Wallahi mutumin nan ya ishe mu. Ko zama kan benci bai iya ba, kullum ƙafa na rawa.

Muna dariyar abin har ranar da aka bugo waya daga Jado, aka ce rami ya rufta da ƙanensa Rabilu, wanda ya bar lodin siminti a Malbaza ya tafi haƙar zinariya. Dangi suka shimfiɗa tabarmi, Hayatu ya zo ya naɗe su. Wai ba a zaman makokin mutum a kan muryar da ba a san mai ita ba.

Wadda ta sha wuya Sakina ce, matar Rabilu. Ita ba mai takaba ba, ita ba mai miji ba. Liman ya yi magana, tsohuwar su Hayatu ta yi kuka, Hayatu ya toshe kunne. Aikin ma ya gagare shi. Duk motar da ta sauko daga Agadas yana bakin ƙofarta da hoton Rabilu a waya. Mu muna cewa taurin kai ne, ashe tsoro ke cinsa.

Bayan damina wani Ba'abzine daga Jado ya sauka tasha yana cigiyar dangin Rabilu. Ya kwance bakin rawaninsa ya fiddo zoben azurfa na mahaifin su Rabilu, wanda Hayatu da kansa ya matse da filaya don ya zauna a yatsan ƙanensa. Ya ce daga hannun gawar aka zare shi. Ga shatin filayar nan raɗau.

Hayatu ya daɗe yana juya zoben a tafin hannu. Bai tada babur ba, tura shi ya yi har gida, ya tsaya ƙofar ɗakin Sakina.

"Ki yi haƙuri, ƙanwata," ya ce. "Ga ebidans ɗin."

Da hannunsa ya shimfiɗa tabarmin. Ban sake jin kalmar nan a bakinsa ba.