Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina a Madani

Ana sallame sallar asuba muka bar ƙauyenmu na kusa da Wad Haddad a nan Sudan, ni da ɗan farina, da takalman ƙwallonsa a cikin leda. Wata jami'a ce a Madani ta buɗe sansanin gwaji ga 'yan sakandare, wanda ya burge masu horarwa a ba shi gurbin karatu. Yayana ya tare mu a bakin hawasha, wato gonarmu ta auduga. "Auduga na jiran hannu, kai kana kai yaro wasa? Wa ya taɓa ɗaukar ɗan Hausa can?" Na ce in ba a ɗauke shi ba, gara a ƙi shi ina kallo.

Motar hafila ta cika maƙil, kuɗinta kuma ya hau tun zuwana na ƙarshe, kai ka ce kujerun ne suka ƙara laushi. Hagu da dama gonaki ne da magudanan ruwa, mata sun sunkuya cikin farar auduga. A tashar Madani muka ci dafaffen waken ful da man riɗi wurin wata mai shayi. Yaron ko loma uku bai yi ba.

Filin ya ba ni haushi da farko. 'Yan birni kowa da kocinsa yana zuba masa kirari, rigunan lamba kuma sun ƙare kafin a zo kanmu. Haka ya shiga da koriyar rigarsa ta gida. Amma na ga amfanin wurin da idona: aka koya musu ɗumama jiki da tsayuwar baya, ga mutanen da har abada ba za su tako turɓayar ƙauyenmu ba sun zauna suna kallonsa. Shi kuwa da ya saba gudu a kan kunyoyi, fili mai laushi ya zame masa hutu. Sau biyu yana yanke 'yan baya.

Da aka busa usur na tashi, yaron ya tafi famfo can nesa. Babban koci ya juyo wajen iyaye ya ce da Larabci, "Mai koriyar riga ɗan wa ne? Yaya sunansa?" Ku da kuka san mu kun san uba ba ya kama sunan ɗan fari, balle ya yabe shi a bainar jama'a. Tun haihuwarsa "kai yaro" nake ce masa. Kocin kuwa har ya juya zai wuce fili na gaba.

Na miƙe na ƙwala sunan, har masu sayar da ruwa suka waiwayo. "Ɗana ne!" Yaron ya saki famfo ya tsaya yana kallona, bai taɓa jin sunan nan a bakina ba. Aka ce ya dawo zagaye na biyu.

Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Yayana ya ce, "To, an zubda kunya a Madani, kalas, shi ke nan?" Na ce, "Na zubda, Yaya, kuma in sun sake tambaya sai in ƙara."

Ko za su ɗauke shi, Allah masani. Abin da na koyo shi ne, mai kai yaro irin wannan wuri ya tafi da bakinsa. Sunan kuwa kada ku jira shi a nan, ɗan fari ne har yanzu.