Ranar da Cittata Ta Yi Kumfa

Ni da bakina na ce zan yi ruwan citta na sunan ɗan ƙawata, ba wanda ya roƙe ni. Abin da ya sa na zaƙe, mahaifiyarta ta zo daga Jos yi mata wankan jego, kuma ta san marigayiya Innata, wadda a unguwarmu ba a biki sai da cittarta. Tsohuwar tana jin alkawarin da na ɗauka ta ce, "To, bari mu ga ko kin gaji hannun." Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Inna idan ta markaɗa citta da kanumfari, ta tace, ta zuba sukari, sai ta rufe bokitin ta ajiye a lungu ya kwana. Da safe garin cittar ya kwanta a ƙasa, ruwan sama garau, sai ɗurawa a kwalabe. Haka na yi ranar Laraba, a ɗan sito na gidanmu a unguwar Mesaimeer da ke Doha, inda sanyin na'ura ba ya kaiwa. Na manta shaf sanyin Jos ne ke yi wa Inna rabin aikin. Doha kuwa lokacin zafi, ruwan famfo ma ƙona hannu yake yi.

Alhamis da hantsi na ɗaga murfi. Innalillahi! Kumfa ce ke tashi tana ƙara, ga wani tsami ya doki hancina, irin wanda muke toshe hanci idan mun bi ta bayan gidan burkutu muna yara. Ni ce yau da giya a gidana? Na tuttular da shi, na wanke bokitin har sau uku, na zauna na yi kuka. Suna gobe da safe.

Maƙwabciyata, wata 'yar Zangon Kumasi, ta shigo ta same ni haka. Da na ba ta labari sai da ta riƙe ciki don dariya, har na ji haushi.

"Hajiya, nan ba a kwanar da citta a waje," in ji ta. "Firji za ki sa. Sanyi zai kwantar da garin, kuma ba za ta juya ba. Yalla, tashi!"

Muka sayo wata cittar, muka sake aiki daga farko. Ta kwashe naman da ke firjina da tukwanen miya ta kai nata, muka zare kantoci biyu na cikin firjina, bokiti ya shige da ƙyar. Ta gargaɗe ni kada in motsa shi. Wallahi wunin nan na leƙa firjin ya fi a ƙirga, maigidana har tambaya yake ko jariri na kwantar a ciki.

Juma'a bayan asuba na fito da shi a hankali. Na fara shinshinawa tukuna: citta ce zalla. Garin ya kwanta lif. Na riƙa kwalfar na saman da kofi ina ɗurawa, sai a lokacin numfashina ya dawo daidai.

A wajen suna tsohuwar ta ɗaga kwalba ta duba a hasken taga, ta kurɓa. Sai ta kamo hannuna ta juya tafin tana kallo.

"Allah ya jiƙan mai hannun," ta ce. "Ƙaro mini ɗaya in ɓoye."