Muryar Inna a Rumbun Turai

Shekarun baya, tun tumbin nan nawa bai fara riga ni shiga ɗaki ba, ni nake ɗaukar kaina babban injiniyan kwamfuta na ƙasar Gobir kaf. Gaskiyar magana kuwa, shagon buga takardu ne da ni a Sabon Birni, sai wata tsohuwar laftof mai nishi kamar injin niƙa.

Abokina da ke aiki a Abuja shi ya koya mini ajiye kaya a rumbunan intanet, waɗanda suke kira girgije. Ya ce rumbunan nan yanki-yanki suke, wani a Turai, wani a Afirka ta Kudu, wani can gabas, kuma abin da ka ajiye a wannan ba ya zuwa wancan sai ka kwafa da kanka. Da yake sabis ɗinmu ba ya iya buɗe shafinsu mai hotuna, sai ya koya mini baƙin allo: ka rubuta umarni layi ɗaya, ka danna, aiki ya tafi. Ya saita mini Turai ta zama gidana, wato duk umarnin da ban faɗi yankinsa ba, can za shi. In mutane suka leƙo shago suka ga rubutu yana gudu, sai in murtuke fuska kamar mai harba roka.

A lokacin ne zaman ƙauyenmu Kamarawa ya gagara saboda rashin tsaro, mahaifiyata ta dawo wurina. Inna ta san kakanninmu har inda lissafi ya ƙare, ta san waƙoƙin daka, ta san tsamiyar da ta raba gonarmu da ta maƙwabta. Damina guda cur ina bin ta da waya ina ɗaukar muryarta. Takan ce, "Auta, mi kaka yi da surutun tsohuwa?" In ce, "Turai za ni kai ki, Inna, ba fasfo ba jirgi." Duk wadda na ɗauka sai in tura rumbun Turai, in goge ta waya don a sami wuri. Sunanta na sa wa rumbun: inna.

Damina na wucewa, da kaka, Inna ta rasu.

Yayata da ke aure a Isa, duk zuwan da ta yi sai ta ce in kunna mata muryar Inna. Sau uku tana cewa, "Ka sa min ita ga memori in tafi da ita." Ni kuma sarkin sani in ce, "Yaya, memori ai kaza ma tana iya haɗiye shi. Inna tana Turai cikin sanyi, ko gobara ba ta isa wurin."

Sai aka ɗauke mana sabis saboda halin tsaro. Mai son waya sai ya nemi layin Nijar, ya hau kabu-kabu zuwa wani tudu wajen Burkusuma, ya ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Can na sami saƙon abokina, ya ce kada in bar abu mai daraja a yanki ɗaya, in yi kwafi na biyu. Na ɗora laftof a kan sirdin babur, na buɗe sabon rumbu a Afirka ta Kudu, shi ma na sa masa inna, na fara kwafa. Aiki bai yi nisa ba sabis ya gudu.

Bayan mako guda na koma, da hantsi. Tudun nan cike yake, kowa yana jiran aron waya. A wurin sabis na minti kaɗan ne, don haka na saba liƙa wa umarnina wata kalma mai hana na'ura tambayar "ka tabbata?", saboda kafin ka amsa mata an ɗauke. Na ce bari in share wancan guntun kwafin in sake daga farko, aiki mai tsafta. Ina cikin rubutawa wani dattijo makiyayi ya ja mini hannun riga, yana son kiran ɗansa. Na ce, "Baba, yanzun nan." Na danna.

Rubutu ya fara gudu, an goge, an goge, an goge. Har na juyo da allon ina cewa, "Baba, ka gani? Shara nika yi Afirka ta Kudu, ga ni tsaye Burkusuma." Ya ce, "To, Allah shi taimaka, ba ni wayar."

Sai na ga sharar ta ƙi ƙarewa. Guntun kwafin nan bai kai haka yawa ba. Na ɗaga ido na karanta layin da na rubuta, na sake karantawa. Babu sunan yanki a ciki. Turai ya tafi.

Sabis ɗin da ya shekara yana wulaƙanta ni, ranar ko tari bai yi ba. Kafin yatsana ya kai ga tsayarwa, ya gama.

Na kira abokina. Ya ce, "Ka kunna abin da na ce maka, mai riƙe abin da aka goge na ɗan lokaci?" Na ce ai na bari sai sabis ya dawo. Daga baya ya turo mini wani umarni mai zagaya yankunan duniya ɗaya bayan ɗaya yana tambayar rumbu mai suna inna. Na danna. Turai babu. Gabas babu, yamma babu. Sai Afirka ta Kudu da guntunta. Dattijon nan ya karɓi wayar daga hannuna ban ma sani ba. Mai kabu-kabu ya ce duk hanyar komawa sai da ya riƙa waiwaye ko na faɗi.

Kwana tara ina shirya yadda za ni gaya wa Yaya. Ni da ake cewa ko a gidan makoki sai na sa wani ya ƙunshe dariya, na rasa kalma ɗaya. Na same ta a Isa tana tankaɗe a tsakar gida. Na fara bayanin yanki da umarni, ta katse ni.

"Auta, tana nan ko ba ta nan?"

Na ce, "Ba ta nan, Yaya."

Ba ta daina tankaɗe ba. Can ta ce, "Na ce ka sa min ga memori." Sau ɗaya ta faɗa, kuma har yau ba ta sake ba. Da ta kwaɗa mini rariyar nan a ka, da ya fi mini sauƙi.

Kun san abin da ya tsira a guntun kwafin? Na'ura bi da bi take kwafa bisa harafin farko, ta fara da waɗanda na sa wa suna gwaji, ba ta kai ga na Inna ba. Wato ni ne. Ni kaɗai, ƙato da ni, ina hura waya ina cewa "ana ji? ana ji? ɗaya, biyu." Duniya ta rasa waƙoƙin Inna ta adana numfashina.

Yanzu har ɗan aiki nake samu na kula wa wasu ƙananan ƙungiyoyi da rumbunansu. Ba na danna komai sai na rubuta yanki, na karanta shi da ƙarfi, har matata ta ce in ta aike ni kasuwa ma sai na tambayi wane yanki. Kalmar nan mai hana tambaya kuwa, na daina gaisawa da ita. Mutane suna cewa na koyi darasi. Na koya, amma ban ga abin da ya dawo mini da shi ba. Waƙar dakan da nake iya rerawa rabi ce, Yaya ta san wani rabin daban, ba sa haɗuwa. Sunan kakanmu na biyar kuwa ya tafi.

Gwaje-gwajen nan na saurare su duka, har na haddace. A guda ɗaya, bayan "ɗaya, biyu" nawa, in ka manna kunne akwai ƙarar kwano, sai murya daga nesa tana cewa, "Auta, taho ka ci tuwo tukuna, wanga abu naka ai ba gudu za shi yi ba."

Na sa wa Yaya a memori. Na kai mata da hannuna.